Kundin aiki: burauza ta ƙi buɗe shafi bayan sabuntawar antibirus, Damagaram

Litinin, 3 ga Nuwamba 2025

An buɗe wannan kundi ne don a fitar da takardar bin mataki guda ɗaya wadda mai gyara zai liƙa a bangon shago. Kwamfutocin gida da ake kawowa daga Birni da Zango da Garin Malam suna zuwa da kuka iri ɗaya: jiya lafiya lau, yau Chrome ko Firefox sun ƙi buɗe shafi, alhali rezo yana nan, salular da ke ba kwamfutar intanet tana buɗe komai. In an bi diddigi, sai a tarar antibirus ya yi sabuntawa a tsakani, abin da masu kawo gyara ke kira mizajur.

Abin da aka saba yi shi ne a cire burauzar a sake sa ta, in bai yi ba a yi wa kwamfutar fomate, wato a goge faifanta a sa Windows sabo. Na farko barin jaki ne ana dukan taiki. Na biyu kuwa yakan tafi da hotunan biki, da takardun ɗalibi, da kalmomin sirrin da mai kwamfutar bai taɓa rubutawa ko'ina ba.

Injinan gwaji uku ne: ta hannu mai Windows 10 da RAM giga 4, wata ta hannu mai Windows 11 da giga 8, sai ta tebur mai Windows 7. Duka da Faransanci suke, kamar mafi yawan waɗanda ke gari. Ba za a kama sunan antibirus ɗin da aka tarar a kowace kwamfuta ba, domin yadda suke aiki ne ke kawo matsalar, ba tambarin kamfani ba.

Doka ta farko: kafin a taɓa komai, a rubuta lambar kuskuren harafi bayan harafi. "Votre connexion n'est pas privée" ba ta ce komai ba. Ƙananan haruffan da ke ƙarƙashinta su ne maganar.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Sai an fahimci wannan sashe sauran za su yi ma'ana, shi ya sa aka ba shi yini guda.

Shafin da adireshinsa ya fara da https yana magana da burauza ta rufaffiyar hanya. Kafin a fara, shafin yakan miƙa takardar shaida wadda wata hukuma ta sa wa hannu, burauza ta duba ko hukumar tana cikin jerin waɗanda ta yarda da su. Antibirus yana son ya leƙa abin da ke wucewa, amma hanyar a kulle take. Dabarar da yawancinsu ke yi ita ce su tsaya a tsakiya kamar dillali: su karɓi takardar shafin, su ƙera wata sabuwa da sunan shafin nan take, su sa mata nasu hannun, su miƙa wa burauza. Domin burauza ta amince, tun ranar da aka sa antibirus ɗin yakan ajiye tasa uwar shaida, wato takardar da ke sa a ɗauke shi a matsayin amintacciyar hukuma, a rumbun Windows.

Ga inda sabuntawa ke shigowa. In sabon zubin antibirus ya ƙera sabuwar uwar shaida amma bai samu ya ajiye ta a rumbu ba, ko ya ajiye ta a wuri ɗaya ya bar wani, sai kowane shafi ya zama abin tuhuma. Chrome ya nuna NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID, Firefox ya nuna SEC_ERROR_UNKNOWN_ISSUER ko MOZILLA_PKIX_ERROR_MITM_DETECTED.

Gwajin bai kai minti ɗaya ba. A shafin kuskuren, a danna alamar da ke hagun adireshi, a buɗe takardar shaidar, a karanta layin "Émis par". A Firefox ana bi ta "Avancé" sannan "Afficher le certificat". In sunan antibirus ne a wurin maimakon hukuma irin su Let's Encrypt ko DigiCert ko Google Trust Services, to shi ne ke tsaye a tsakiya. Daga nan a latsa maɓallin Windows da R, a rubuta certmgr.msc, a shiga "Autorités de certification racines de confiance". A nemi sunan antibirus ɗin. Abu uku ake iya tararwa: babu shi sam, ko yana nan sau biyu, tsoho da sabo, ko yana nan amma wa'adinsa ya wuce.

An gwada a injin Windows 10: aka goge uwar shaidar da hannu, nan take shafuka suka rufe. Aka shiga saitin antibirus, aka kashe binciken HTTPS kaɗai, aka rufe burauza gaba ɗaya, aka sake kunna binciken, aka tada kwamfutar. Ya sake ajiye uwar shaidarsa da kansa, shafuka suka dawo. Sunan wannan maɓalli ya bambanta, wani "Analyse HTTPS", wani "Filtrage SSL/TLS", wani "Analyse des connexions chiffrées", amma kusan kullum yana ƙarƙashin kariyar yanar gizo.

Asabar, 8 ga Nuwamba

An mayar da duba agogo ya zama mataki na ɗaya, gaban komai. Kowace takardar shaida tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, ta Let's Encrypt kwana 90 ce kawai. Kwamfutar da ƙaramin batirinta na allon ciki ya mutu takan koma shekarun baya duk sanda kuran ya ɗauke, sai ta ga takardun duniya duka ba su fara aiki ba tukuna. Lambar ita ce NET::ERR_CERT_DATE_INVALID, wani lokaci da "Votre horloge est en retard". Antibirus ba shi da laifi a nan, shi kansa sabuntawarsa takan tsaya saboda agogon.

Batirin CR2032 ne, volt 3. A auna shi da mita; in ya sauka wajen 2.5 a canza. A ta tebur a fili yake, ana ɓalle shi da farce. A ta hannu sau da yawa yana naɗe cikin baƙar roba da ƴan wayoyi biyu, sai an nemo mai irin kan. A duba yankin lokaci kuma: Nijar tana UTC+01:00, "Afrique centrale - Ouest". Kwamfutocin hannu da suka zo daga waje sukan iso da lokacin Paris, wanda yake daidai da namu a hunturu amma ya wuce mu da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Jiya Talata ta biyu ce a wata, ranar da Microsoft ke sakin gyare-gyaren Windows, wajen ƙarfe 7 na yamma agogon nan. An bar injinan gwaji su karɓa tare da ta antibirus don a ga abin da ke faruwa in biyun suka haɗu.

Abin da ya fito fili ya fi shafar garin nan fiye da yadda takardun kamfanoni ke nunawa. Sabuntawar antibirus iri biyu ce. Akwai ƙarama, ta jerin sunayen ƙwayoyin cuta, wadda ke zuwa sau da yawa a yini ba ta taɓa komai. Akwai babba, wadda ke canza manhajar kanta har da rariyar da take sawa a hanyar intanet a can cikin Windows. Babbar ba ta kammala sai an tada kwamfutar. Kafin nan, sabuwar manhaja ce ke magana da tsohuwar rariya, kuma a wannan tsakanin ne shafuka ke yankewa.

Mai kwamfuta zai ce ai ya kashe ya kunna sau uku. Gaskiya ya faɗa, amma bai wadatar ba. Tun daga Windows 8 akwai "démarrage rapide": in aka zaɓi "Arrêter", Windows ba ya sauke zuciyarsa da direbobinsa, yana ajiye su ne a faifai ya ɗauko su yadda suke da safe. Tsohuwar rariyar tana nan daram. "Redémarrer" ne kaɗai ke loda komai sabo. Ana iya tabbatarwa a "Gestionnaire des tâches", shafin "Performances", layin "Durée de fonctionnement": kwamfutar da ake kashewa kowane dare sai ka ga ta nuna kwana goma sha. An sa wannan ya zama mataki na biyu. Wanda ke son umarni ya rubuta shutdown /r /t 0.

Ɗayan ɓangaren shi ne sabuntawar da ta katse. An zare wayar injin tebur da gangan ana tsakiyar babbar sabuntawa, don a kwaikwayi ɗaukewar kuran. Da ya tashi, alamar antibirus tana nan kore, tana cewa komai lafiya, amma babu shafin da ke buɗewa. Tadawa bai gyara ba. Abin da ya gyara shi ne a buɗe jerin manhajoji da appwiz.cpl, a zaɓi antibirus ɗin, a danna "Réparer" in akwai. Haka zai faru in kuɗin intanet na salula ya ƙare ana cikin saukewa. Saboda haka shawarar da za a rubuta wa masu kwamfuta: babbar sabuntawa a yi ta batiri cike, da ragowar mega mai yawa, ba da tsakar dare ana gyangyaɗi ba. Mai ta tebur da ba shi da ondilar, na'urar da ke riƙe wuta in kuran ya ɗauke, ya fi kowa shiga wannan hatsari.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Yanayin da Chrome da Edge ke aiki, Firefox kaɗai ya ƙi.

Dalili tsoho ne. Firefox yana da nasa rumbun shaidu daban da na Windows, a wani fayil mai suna cert9.db cikin jakar mai amfani. Antibirus sai ya ajiye uwar shaidarsa a wuri biyu. A Janairun 2019, da Firefox 65 ya fito, masu Avast da AVG suka wayi gari shafuka a rufe, har Mozilla ta dakatar da turawa ga masu Windows na ɗan lokaci. Daga Firefox 68, a Yulin 2019, burauzar ta koyi gane dillali a tsakiya ta leƙa rumbun Windows da kanta, sannan daga Firefox 120 a Nuwamban 2023 leƙawar ta zama a kunne tun asali.

Saboda haka in aka ga wannan matsala yau, ko Firefox ɗin tsoho ne, ko wani ya kashe saitin. A rubuta about:config a wurin adireshi, a nemi security.enterprise_roots.enabled, a tabbatar yana true, a rufe a buɗe. In bai yi ba, a shiga about:support, a buɗe jakar mai amfani, a rufe Firefox, a canza wa cert9.db suna zuwa cert9.old. Zai ƙera sabo. Kada a taɓa key4.db da logins.json da ke kusa da shi, nan kalmomin sirri suke.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Wannan ya ci kwana biyu saboda babu saƙon shaida ko ɗaya, sai ERR_CONNECTION_RESET, ko shafi ya yi ta juyawa. Kowa zai ɗauka rezo ne. Hanyar rabewa: a buɗe shafin a salular da ke ba kwamfutar intanet. In ya buɗe a can, ba rezo ba ne.

An samu musabbabi biyu daban. Na ɗaya yana nuna kansa da cewa YouTube da Gmail da binciken Google ne ke wahala, sauran shafuka na tafiya. Waɗannan suna amfani da QUIC, hanyar da ke bi ta UDP a ƙofa ta 443 maimakon TCP. Rariyar da ba ta iya karanta shi ba takan tare shi rabi da rabi, burauza ta tsaya jira kafin ta koma tsohuwar hanya, wani lokaci ta nuna ERR_QUIC_PROTOCOL_ERROR. Gwaji: chrome://flags/#enable-quic a mayar da shi Disabled, a Firefox, network.http.http3.enable ya koma false. In shafukan suka miƙe, an kama inda ciwon yake. Wannan gwaji ne, ba gyara ba. Gyaran shi ne antibirus ya samu zubinsa na ƙarshe, a mayar da saitin yadda yake.

Na biyu ya fi ɓuya. Tun Chrome 124 a Afrilun 2024, gaisuwar farko da burauza ke aika wa shafi ta ƙaru da fiye da bait 1,000, saboda sabon makulli da aka ƙara don tsaron gaba. Ƙunshi ɗaya a hanyar intanet bai wuce bait 1,500 ba, don haka gaisuwar takan rabu gida biyu. Tsohuwar rariya da aka rubuta da zaton gaisuwa ƙunshi ɗaya ce takan ga rabi ta yanke layin. Abin lura a nan: burauza ce ta sabunta kanta, antibirus ya tsaya a baya. Ana yawan ganin haka a kwamfutar da lasisin antibirus ɗinta ya ƙare shekara biyu da suka wuce, ko wadda aka sa mata na sata aka toshe masa hanyar sabuntawa don kada a gane. Irin wannan ba ya kare komai, tare hanya kawai yake. Cire shi ake yi.

Talata, 25 ga Nuwamba

Cirewar ma aiki ce. Kwamfutocin hannu da ake sarowa daga Kano sukan zo da antibirus na gwaji da ya mutu, mai shago ya ɗora wani, ɗan gida ya ƙara na uku daga kile (USB) ɗin abokinsa. Rariya biyu a hanya ɗaya, kowace tana sa hannu a takardar ɗayar, RAM giga 4 kuma ba ta ɗaukar wannan kaya.

Don a san nawa ne a ciki, a buɗe PowerShell a rubuta Get-CimInstance -Namespace root/SecurityCenter2 -ClassName AntiVirusProduct. Yakan fito da sunayen da ba sa cikin jerin manhajoji. Umarnin fltmc, da izinin shugaba (administrateur), yana nuna rariyoyin faifai da ke lode. A ncpa.cpl, cikin "Propriétés" na katin Wi-Fi, wani lokaci akan ga layi mai sunan antibirus ɗin da aka cire tuntuni.

Tsarin da ya yi aiki: a cire ta appwiz.cpl, a tada, sannan a gudanar da manhajar sharewa ta kamfanin da ya yi shi, yawancinsu suna da ita a shafinsu kuma wasu suna so a yi ta cikin "mode sans échec". A sake tadawa. A duba inetcpl.cpl, "Connexions", "Paramètres réseau": in an bar 127.0.0.1, adireshin kwamfutar kanta, a wurin wakilin hanya (proxy), burauza tana aika komai ga manhajar da ba ta nan, shi ne ERR_PROXY_CONNECTION_FAILED. A cire alamar. Sai netsh winhttp reset proxy, netsh winsock reset, ipconfig /flushdns, a tada karo na uku. A ƙarshe a koma certmgr.msc a goge uwar shaidar wanda aka cira, domin barin ta barin ƙofa ne a buɗe.

Ba a sallamar kwamfuta tsirara. A Windows 10 da 11, Microsoft Defender, antibirus ɗin da ke zuwa da Windows, yakan kashe kansa in akwai wani antibirus, ya tashi in an cire. A tabbatar ya tashi a "Sécurité Windows". A garin da kile ɗaya ke yawo daga shagon buga takardu zuwa makaranta zuwa gida, ƙwayar da ke ɓoye jakunkuna ta bar gajerun hanyoyi ba ta ɗaukar sati kafin ta shigo. Don rage wa mai kwamfuta cin mega, shago ya ajiye mpam-fe.exe, fayil ɗin sabuntawar Defender, daga shafin Microsoft, na Windows mai bit 64 da mai 32, yana sabunta shi. Ya haura mega 100, amma sau ɗaya ake saukewa a ba kwamfutoci da yawa.

Litinin, 1 ga Disamba

Windows 7. Microsoft ta daina kula da shi ranar 14 ga Janairun 2020, Chrome ya tsaya masa a lamba 109, Firefox a 115. Duk da haka yana nan a gidaje da ƙananan ofisoshi, kuma cewa mutum ya je ya sayi sabuwa ba amsa ba ce.

Abu biyu ke karya shi. Tun 2019 direbobi suna zuwa da sa hannu irin SHA-2, kuma Windows 7 da bai samu KB4490628 da KB4474419 ba bai san wannan hannu ba. Antibirus zai sauke sabuwar rariya, Windows ya ƙi loda ta, intanet ta tsaya. A sa gyaran biyu daga kile, a tada, sannan a maimaita sabuntawar. Na biyu, tsohuwar uwar shaida DST Root CA X3 ta ƙare ranar 30 ga Satumban 2021, magajiyarta ISRG Root X1 ce. Faifan Windows 7 da aka yi wa kwaskwarima sau da yawa an kashe masa karɓar sabbin shaidu, don haka ba shi da ita. Antibirus ɗin da ke dogara da rumbun Windows zai tare duk shafin da ke da takardar Let's Encrypt, kuma suna da yawa ƙwarai. A duba certmgr.msc; in babu, a sauke ta daga shafin Let's Encrypt kansa a wata kwamfuta mai lafiya, ba daga wani wuri ba.

Windows 10 ma ya bi sahu tun 14 ga Oktoban 2025. Har yanzu burauzoji da Defender suna sabuntuwa a kansa, amma sashen nan zai buƙaci ƙari nan gaba.

Asabar, 6 ga Disamba

An yi doguwar muhawara kan ko takardar ta ce a bar binciken HTTPS a kashe. Masu cewa a kunna suna da hujja: yana iya tare mugun fayil tun yana hanya. Amma fayil ɗin da aka sauke dole ya sauka a faifai, kuma mai gadin faifai zai duba shi a can. Chrome da Firefox kuma suna da nasu jerin mugayen shafuka. A ɗaya gefen, binciken da masana daga jami'ar Michigan da Google da Mozilla da wasu suka fitar a 2017 ya nuna yawancin antibirus da ke tsayawa a tsakiya suna rage ƙarfin kullen ne. An samu gyara tun lokacin, amma ga tsohon zubi maganar tana nan.

Matsayar da aka cimma: a gwada, kada a yi zato. Da binciken a kunne, a buɗe expired.badssl.com da self-signed.badssl.com, shafukan da aka yi da lalatacciyar shaida da gangan. Dole a ga gargaɗi. In suka buɗe salin-alin, dillalin yana wanke takardar banza yana miƙa ta a matsayin ta kirki, a kashe binciken nan take. In antibirus ɗin na gaske ne, yana sabuntuwa, ya kuma ci gwajin, a bar shi a kunne. Kashe antibirus gaba ɗaya kuwa minti goma ne don gwaji, ba yanayin da za a mayar wa mutum kwamfutarsa a ciki ba.

An ƙara layi ɗaya da jan biro: in har fomate ya zama dole, kwafe jakar User Data ta Chrome ba ya ceton kalmomin sirri, domin an kulle su da asusun Windows ɗin da za a goge. Sai an fitar da su zuwa fayil daga cikin Chrome tukuna, mai kwamfutar yana tsaye, a goge fayil ɗin bayan an mayar. Na Firefox suna bin jakarsu.

Laraba, 10 ga Disamba

Saura yanayi ɗaya da bai shiga takarda ba. A injin Windows 11, bayan sabuntawar daren jiya, kowane shafi a Chrome, har shafin saiti, yana faɗuwa da "Aïe aïe aïe" da lambar STATUS_INVALID_IMAGE_HASH. Wannan ba maganar shaida ba ce, kuma kashe binciken HTTPS bai taɓa shi ba. Antibirus ne ke cusa wani ɗan fayil nasa cikin burauzar, ita kuma ta ƙi duk abin da ba shi da sa hannun da ta yarda da shi. An taɓa ganin irinsa a duniya a Oktoban 2019, tsakanin Chrome 78 da tsofaffin zubin Symantec Endpoint Protection.

Akwai masu ba da shawarar ƙara --no-sandbox a gajeriyar hanyar Chrome. Shafuka za su buɗe, amma an rushe katangar da ke hana mugun shafi isa cikin kwamfuta. Ba za a rubuta shi a takardar ba.

Firefox yana aiki a injin, kuma about:third-party ya nuna fayil biyu na antibirus a cikinsa, ɗaya da lambar sabon zubi, ɗaya da ta tsoho. An yi "Réparer", an tada, tsohon bai tafi ba. Gobe za a cire antibirus ɗin da manhajar sharewa, a sa shi sabo daga cikakken fayil ɗin sakawa, sannan a buɗe chrome://conflicts a gwada jerin da na yau. An ɗauki ma'ajiyar komawa baya (point de restauration) kafin a fara, an kuma rubuta lambobin fayilolin biyu a bayan takardar.